A Buɗe wa Ɗaliban Kasuwanci Ƙofar Shago

  Maganarmu ta yau da 'yan kasuwa ce, musamman na ƙasar Gobir: na Sabon Birni da Isa, na Tsamaye da Gatawa da Unguwar Lalle, na Turba da Bafarawa, da 'yan'uwansu waɗanda neman halali ko halin da ƙasa ke ciki ya zaunar da su a Sakkwato, Gusau, Kano ko Maraɗi. Roƙo ne muke ɗauke da shi zuwa gare ku, kuma roƙon bai wuce wannan ba: ku riƙa karɓar 'ya'yanmu masu karatun kasuwanci a jami'a, su zo su koyi aiki a hannunku.

Duk shekara akwai lokacin da za ka ga samari da 'yan mata riƙe da ambulan suna zagaya birnin Sakkwato ofis zuwa ofis. Ɗalibai ne na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu kuma daga Gusau ko Ƙauran Namoda. Wurin koyon aiki suke nema. Banki ya ce gurbi ya cika. Kamfani ya ce a dawo mako mai zuwa. Wanda ke da ɗan'uwa a sama ya samu, wanda ba shi da kowa ya ƙare a wani ofishin da babu abin da za a ba shi sai kujera. Ya zauna wata da watanni, aikinsa aike da sayo abinci, ranar ƙarshe a buga masa hatimi a littafin rahoton aiki, ya koma makaranta yadda ya fito.

A daidai wannan lokaci kuma, ga Alhaji a kasuwa yana loda tirela bayan tirela ta albasa zuwa Kudu, kuɗi masu nauyi suna ratsa hannunsa, amma lissafin duk a kansa yake, sai ɗan abin da ya rubuta a bayan kwalin sukari. Ɗalibi na neman inda zai gwada iliminsa, Alhaji na bukatar mai riƙe masa alƙalami, kuma watakila gari ɗaya suka fito. Haɗa waɗannan mutum biyu shi ne abin da muke so.

Tura ɗalibi koyon aiki tsohon tsari ne a Najeriya. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, mai hedkwata a Jos. A lokacin masana'antu na kukan cewa masu fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma hannunsu bai san aiki ba. Don haka a 1973 hukumar ta ɓullo da shirin SIWES, inda ɗalibi ke barin aji ya tafi wurin aiki na wasu watanni, huɗu ga ɗaliban kwalejojin fasaha, shida ga na jami'a, ana bibiyarsa ana ba shi maki. Da ɗaliban injiniya da fasaha aka fara, sannan aka faɗaɗa. Daga baya gwamnati ta wajabta darasin koyon dogaro da kai ta hanyar sana'a a dukkan jami'o'i. To amma waɗanda suka tsara shirin masana'antu suke hange, irin na Legas da Kaduna da Kano na wancan zamani. A jihar Sakkwato, babbar masana'antar da kowa zai nuna ita ce ta siminti a Kalambaina, wadda aka kafa a 1962 ta fara aiki a 1967, kuma komai girmanta ba ta iya ɗauke ɗaliban jiha guda. A gabashin jihar kuwa, masana'antarmu ita ce kasuwa da fadama da tasha. Idan muka tsaya jiran kamfani mai bene, 'ya'yanmu za su tsufa suna jira.

Kuma wa ya isa ya koya wa Bahaushe yadda ake renon ɗan kasuwa? Tsarin ubangida da yaronsa ya girmi kowace jami'a a ƙasar nan. Yaro ya fara da share shago da ɗaukar kaya, a aike shi da ƙananan kuɗi a ga ko zai dawo da canji, a bar masa shago na yini guda, a tura shi wani gari da kaya, har ranar da za a sallame shi da jari da albarka. Ta wannan hanya Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya taso daga fataucin goro a hanyar Gwanja har ya zama attajirin da ake buga misali da shi a Afirka ta Yamma, kuma ya bar yara da dama da suka zama iyayengiji. Haka alhazan Maraɗi, maƙwabtanmu na kusa, suka gina dukiyarsu a kan barorin da suka yarda da su. Abdul Samad Rabi'u, wanda kamfaninsa na BUA ke riƙe da simintin Kalambaina a yau, ya karanta tattalin arziki a Amurka, amma a harkar mahaifinsa Khalifa Isyaku Rabi'u ya goge kafin ya kafa nasa a 1988. Ilimin aji da horon gida suka haɗu a kansa. Abin da muke nema ga ɗan Tsamaye da ɗiyar Isa ke nan, kowa gwargwadon abin da Allah ya hore masa.

Wani zai ce, me ɗan jami'a zai koya a rumfar albasa? Bari mu leƙa rumfar. Da sanyin safiya an kwance rudu, an baje albasa a ƙasa, yara na tsince ruɓaɓɓiya suna jefarwa gefe, manya na ware ƙwala-ƙwala daga ƙanana. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya shinshina, nan take ya san ko wannan za ta kai wata biyu a ajiye ko kuwa dole a rabu da ita a kasuwar gobe. Waya na kunnensa, yana jin farashin kasuwar Mile 12 a Legas da na Onica. Dillali na gefe yana jiran la'adarsa, 'yan dako na ciniki a kan kowane buhu, direba na faɗin abin da gas ya kai da abin da za a kashe a shingayen hanya. Cikin ɗan lokaci Alhaji zai yanke shawarar ko a loda yau ko a dakata. Duk abin da malami ke zanawa a allo game da sarrafa kaya, da tsadar ajiya, da haɗarin jinkiri, da sanya farashi, ga shi nan a fili a gaban ɗalibi, da warinsa da ƙurarsa.

Sannan ɗan kasuwar wannan yanki ya ci jarrabawar da babu littafin da ya tanade ta. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, mutum ya koma aika saƙon ciniki da baki ta hannun direba. Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi, a watan Mayu aka janye tallafin man fetur, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Duk wanda shagonsa ya ratsa waɗannan shekaru yana buɗe, yana auna naira da sefa kullum safiya, yana bin bashi yana biyan bashi, malami ne, ko da bai taɓa taka ƙofar makarantar boko ba.

To, yaya ake karɓar ɗalibi yadda kowa zai amfana?

Abu na farko, a yi magana a fili tun kafin ya fara. Makaranta na ba ɗalibi takarda, kuma tana bukatar amsa a rubuce cewa an karɓe shi. Wannan ne ke tsorata ƙananan 'yan kasuwa, alhali ba wani abin tsoro a ciki. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da hukumar CAC, takarda mai ɗauke da sunan shago da hatimi ta wadatar. Waɗanda ba su yi ba, ƙungiyarsu na iya tsaya musu: ƙungiyar 'yan albasa, ta 'yan hatsi, ta masu sayar da taki da maganin feshi, ta direbobi. Ƙungiya ta karɓi ɗalibai da sunanta, ta rarraba su ga mambobinta. A zauna da ɗalibin a faɗa masa ranar farawa da ta gamawa, lokacin zuwa da na tashi, abin da zai taɓa da abin da ba ruwansa da shi, da abin da za a riƙa ba shi. Abin da aka faɗa da safe ba ya zama rigima da yamma.

Na biyu, a damƙa shi a hannun mutum guda. Ɗalibin da kowa ke aikensa, ba mai koya masa komai. Idan Alhaji tafiye-tafiye sun yi masa yawa, ya zaɓi babban yaronsa ko ƙanensa mai haƙuri ya ce masa, "Ga ɗanka nan, a hannunka zan neme shi." Shi kuma Alhajin ya ware ɗan lokaci sau ɗaya a mako, ko bayan sallar La'asar ne, ya kira ɗalibin ya tambaye shi, "Ɗana, me ka gani a makon nan da bai yi maka daidai ba?" Wannan tambaya kaɗai na iya fito da ɓarnar da aka shekara ana yi ba a lura ba, domin baƙon ido na ganin abin da ɗan gida ya saba da shi.

Na uku, a ba shi aiki na gaske, mai farko da ƙarshe. Makonnin farko ya zagaya ko'ina: ya tsaya a kan sikeli da tiya, ya shiga sito, ya bi kaya zuwa tasha, ya ga yadda ake karɓar kuɗi ta na'urar POS da ta waya. Bayan nan a ɗora masa matsala guda wadda ta daɗe tana ci wa maigida tuwo a ƙwarya. Babu kamar littafin bashi. Kasuwancinmu a kan bashi yake tafiya: manomi ya karɓi taki da iri sai kaka, ɗan kiri ya ɗauki kaya sai ranar kasuwa, abokin hulɗa a Kudu ya ce sai kaya sun shige. Sau nawa muka ga attajiri ya rasu, magada suka rasa sanin wa ake bi, wa ke bi, zumunci ya lalace a gaban alƙali? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ɗalibin da ya zauna ya tsara wa ubangidansa littafin bashi, suna da kwanan wata da adadi da shaida, ya kuma koya wa yaran shago yadda za su ci gaba da shi, ya bar abin da za a daɗe ana yi masa addu'a a kai. Wani ɗalibin a sa shi ya bi diddigin asarar ajiya, buhu nawa aka zuba a rudu, nawa suka fito lafiya. Wani ya lissafa ainihin kuɗin da buhu ɗaya ke ci daga gona zuwa Legas, don a san ko riba ake ci ko uwar kuɗi ake gutsura.

Na huɗu, amana hawa-hawa ake ba da ita. Babu mai hankalin da zai miƙa wa baƙon yaro makullin sito ranar farko, kuma babu wanda ya nemi haka. A fara da kaɗan, in ya riƙe a ƙara. Tsoron da wasu ke yi cewa ɗalibi zai kwashi sirrin kasuwa ya kai waje, ko ya ja musu masu karɓar haraji, tsoro ne da ya kamata a saurara. Maganinsa shi ne a gindaya sharaɗi tun farko cewa sunayen abokan ciniki da adadin jari ba sa fita daga shago, ko a cikin rahoton da zai kai makaranta. A kuma nemi wanda zai tsaya masa, mahaifi ko mai unguwa ko limamin garinsu, kamar yadda aka saba idan za a ɗauki yaron shago.

Na biyar, a biya shi. Alawus ɗin da gwamnati ta daɗe tana ba ɗaliban SIWES naira 2,500 ne a wata, kuma sau da yawa sai an gama horon da daɗewa yake fitowa. Kowa ya san abin da wannan kuɗi zai saya a yau, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024. Yawancin ɗaliban yankinmu 'ya'yan manoma ne, wasu iyayensu sun bar gonakinsu ba da son ransu ba. Ba a ce a ba ɗalibi albashin ma'aikaci ba. A ba shi kuɗin mota da abincin rana, da ɗan abin sabulu a ƙarshen wata, a kuma ba shi a kan lokaci ba sai ya roƙa ba. Wanda ya ci gumin yaro kyauta da sunan koya masa aiki ya ci haƙƙi, kuma addininmu bai yi sassauci a kan haƙƙin ɗan ƙwadago ba.

Na shida, a tsare ransa da mutuncinsa. Ba za mu yi wannan magana kamar ba mu san halin da gabashin Sakkwato ke ciki ba. Mun san abin da ya faru a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, mun san matafiyan da aka ƙona a mota a yankin Sabon Birni a Disambar wannan shekarar, mun san yadda aka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun 'yan bindiga a Agustan 2024. Allah ya jiƙansu da rahama. Dubban mutanenmu sun tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Saboda haka kada a tura ɗalibi hanyar da maigida ba zai tura ɗan cikinsa ba. Kada a ɗora masa ɗaukar tsabar kuɗi daga gari zuwa gari. Inda hanya ba ta da kyau, a yi horon a reshen da ke Sakkwato ko wani gari mai kwanciyar hankali, domin da yawa daga 'yan kasuwar Sabon Birni da Isa suna da rumfuna a can. Ɗalibai mata kuma a ba su wurin aiki na mutunci, a fili, su tashi da wuri, kuma maigida ya ja wa yaransa kunne. Akwai hajiyoyi masu harkar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da atamfa da kayan ɗaki, da ƙungiyoyin adashi masu juya kuɗi ba kaɗan ba. Su ma iyayengiji ne, kuma ɗalibar da ta zauna da su za ta fito da ilimin da zai riƙe ta har gidan aurenta da bayansa.

Na bakwai, a faɗi gaskiya a ƙarshe. Littafin rahoton aikin nan da ɗalibi ke kawowa kowane mako shaida ce, sa hannu a kansa kuma ba da shaida ne. Idan bai zo ba, kada a rubuta ya zo. Idan ya yi ƙoƙari, a rubuta abin da ya yi dalla-dalla, a ƙara masa da takardar yabo da zai nuna a gaba. Ranar sallama a tara yaran shago, ya bayyana abin da ya gano, a yi masa addu'a. Wanda ya nuna hazaƙa kada a bari ya ɓace: a kira shi lokacin hutu, a jira shi bayan bautar ƙasa, in hali ya yi a ba shi kaya ya juya a raba riba.

Ku kuma ɗalibai, kalma biyu gare ku. Wanda ya shiga kasuwa yana ƙyamar ƙura, yana gyara wa dattijo magana a gaban yaransa, ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma rufe wa na bayansa. Ku durƙusa ku gaida mutane, ku riga kowa zuwa, ku yi tambaya kafin ku kawo gyara. Dattijon nan da ba ya rubuta sunansa da boko yana riƙe da farashin kasuwa biyar a kansa, kuma ya san wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri. Wannan ilimin ba a sayar da shi a kantin littattafai.

Jami'o'inmu ma da nasu nauyin. Sashen da ke kula da tura ɗalibai ya daina ɗaukar cewa sai wuri mai na'urar sanyaya ɗaki ne wurin koyon aiki. Su zauna da Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Sakkwato da shugabannin kasuwanni, a fitar da sunayen 'yan kasuwar da suka yarda, a sauƙaƙa takardu, a fassara su da Hausa. Malamin da aka tura duba ɗalibi ya je da ƙafarsa ya gaisa da maigida, domin wannan ziyara girmamawa ce da ɗan kasuwa ba ya mantawa. Shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da iyayenmu sarakuna, da ƙungiyoyin ɗaliban yankin, su ne suka fi kowa sanin wane yaro ke karanta me, kuma wane attajiri ne ɗan wane gari. Haɗa su ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Jama'a, yankin da matasansa suka yi karatu suka rasa abin yi, kowa ya san wanda ke jiran ya ɗauke su. Yankin da dukiyarsa ke cikin kan mutum ɗaya kuma, ranar da mutumin ya kwanta dama dukiyar ta bi shi. Ɗalibi ɗaya a shago ɗaya yana rage duka matsalolin biyu. Don haka, Alhaji, Hajiya, idan yaro ya yi sallama a ƙofarku da takarda a hannu a wannan shekara, ku karɓa ku karanta, ko ku sa a karanta muku, ku tambaye shi ɗan wane gida ne da abin da ya iya, sannan ku sa masa ranar da zai fara.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya shirya mana zuri'a, ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya.